Zagin Launin Fata A Dandalin Wasa: Yadda 'Yan Sandan Ingila Ke Yi Da Ƙara

A ƙasar Ingila akwai mutanen da sana'arsu ke nan su hau dandali da dare su ba jama'a dariya, kamar dai 'yan kama a wurinmu. Akwai kuma mawaƙa da 'yan wasan kwaikwayo. Wani lokaci ɗayansu yakan saki magana a kan baƙar fata, ko Yahudawa, ko mutanen Indiya da Fakistan mazauna ƙasar, sai wani cikin 'yan kallo ya ji an ci mutuncinsa, ya tafi wurin 'yan sanda ya kai ƙara. Abin da muke so mu bayyana shi ne abin da kan biyo bayan ƙarar, gama akwai abin lura a ciki ga duk wanda aikinsa ya haɗa da sauraron kukan jama'a.

Daga 1737 har 1968 ba a nuna sabon wasan kwaikwayo a gidajen wasan Ingila sai wani babban bafade na Sarki ya karanta shi ya ba da izini. A 1968 Majalisa ta soke wannan. Tun daga nan ba a tace wasa kafin a yi shi, sai dai in an yi an keta doka a bi sawu. Dokar hana cusa ƙiyayyar launin fata kuwa an kafa ta a 1965, aka sake tsara ta a 1986. Sharaɗinta biyu ne. Na ɗaya, maganar ta zama barazana, ko zagi, ko cin mutunci. Na biyu, mai maganar ya yi nufin hura wutar ƙiyayya ga wata al'umma saboda launinsu ko asalinsu, ko kuwa bisa ga halin da ake ciki akwai alamar maganar za ta hura ta. Hukuncinta yakan kai ɗaurin shekara 7. In wasan kwaikwayo ne, wanda ya shirya shi ya gabatar ake tuhuma, ba ɗan wasan da ya faɗi abin da aka sa shi ba, sai fa in ya ƙara nasa.

To, in mai ƙara ya zo, aikin ɗan sanda na farko shi ne ya rubuta. Wannan yana da dalili. A 1993 wasu samari Turawa suka kashe wani yaro baƙar fata, Stephen Lawrence, a Landan, 'yan sanda kuwa suka yi wa binciken riƙon sakainar kashi. Alƙalin da aka naɗa ya bincika al'amarin, Macpherson, ya ba da rahotonsa a 1999, ya ce duk abin da wanda aka yi wa, ko wani da ya gani, ya ɗauka na wariyar launin fata ne, to, a rubuta shi a haka. Watau a wancan lokaci ɗan sanda ba shi da ikon ya kori mutum daga bakin teburi ya ce ai wasa ne.

Amma fa rubuta ƙara daban, tabbatar da laifi daban. Sai an nemo hoton wasan ko muryar da aka ɗauka, a ji daga bakin shaidu, wani lokaci a kira mai wasan a yi masa tambayoyi. Sa'an nan a miƙa takardun ga lauyoyin Gwamnati masu gabatar da ƙara, su auna abu biyu: ko shaidar ta isa a yi nasara a kotu, da kuma ko shari'ar za ta amfani jama'a. Bayan wannan duka, ba a gurfanar da kowa a kan wannan doka sai Babban Lauyan Gwamnati ya yarda. Saboda haka ƙararraki masu yawa ba su kai gaban alƙali.

Tazarar da ke tsakanin ƙara da laifi ta fito fili a Sikotland. Da za a fara aiki da sabuwar dokarsu a watan Afrilu 2024, 'yan wasa suka ji tsoro, har 'yan sanda suka fito suka ce ba za su yi farautarsu ba. A makon farko ƙararraki iri-iri fiye da 7,000 suka shigo ta intanet, amma 240 kaɗai aka rubuta a matsayin laifi. A Ingila ma, a 2021 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce ka'idar rubuta sunan mutum a kan abin da ba laifi ba ta tauye 'yancin magana fiye da kima.

Ba kuwa ta hannun 'yan sanda kaɗai ake neman hakki ba. A 1994, wajen wata liyafa a wani otal a garin Darbi, mai ban dariya Bernard Manning ya mai da wasu mata biyu baƙar fata masu raba abinci abin ba'a a gaban ɗaruruwan maza. Matan suka kai ƙarar otal ɗin da ya ɗauke su aiki, a 1996 kotu ta ba su gaskiya, ta ce manyan wurin suna da ikon janye su daga zauren amma ba su yi ba. A 2003 babbar kotun ƙasar ta ƙi bin hujjar wannan hukunci.

Faransa ta bi wata hanya dabam. A watan Janairu 2014 hukuma ta hana Dieudonné, wanda kotu ta riga ta sha kama shi da laifin zagin Yahudawa, ya yi wasansa a garin Nant, babbar kotun harkokin mulki kuwa ta tabbatar da hanin tun kafin a buɗe ƙofa.

Mu da muka san barkwancin Fulani da Barebari, ko na Kanawa da Zage-zagi, ba sai an gaya mana cewa ba kowace ba'a ce gaba ba. Abin da ya sa wannan wasa ba ya ɓata rai shi ne kowa yana da bakin ramawa. Matan nan na Darbi ba su da shi: shi yana riƙe da lasifika, su suna riƙe da faranti, in sun tanka aikinsu ke cikin haɗari. Wannan bambanci ne ya kamata malami ya fahimtar da almajiransa.

Ga ma'aikacin da ƙara ke zuwa teburinsa kuwa, hakki biyu ne a wuyansa. Ya karɓi kukan mai ƙara da mutunci, ya rubuta shi yadda aka faɗa. Sa'an nan kada ya ɗauki ɓacin ran mai ƙara a matsayin hukunci, gama wanda ake ƙara shi ma yana da suna da sana'ar da za a iya ɓatawa. Yanke hukunci aikin alƙali ne, bayan ya ji daga kowane gefe.