Kafin Tsohon Jirgin Yaƙi Ya Sake Tashi

Mutanen Ikara da Makarfi da Kudan suna zaune ne tsakanin garuruwa biyu masu tarihin jiragen sama. A kudu ga Zariya, inda Kwalejin Fasahar Sufurin Jiragen Sama take horar da matuƙa da injiniyoyi tun kafuwarta a 1964. A arewa ga Kano, inda jirgin sama ya sauka tun a 1925. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga watan Satumba na 1940, Ingila ta riƙa kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna zuwa Takoradi ta ƙasar Gana, a harhaɗa su, su biyo ta Legas da Kano da Maiduguri da Khartoum har Masar. Dubban jirage suka bi wannan hanya, kuma da yawansu samfurin Hurricane ne.

An ƙera Hurricane fiye da 14,000, amma masu iya tashi a yau ba su kai 20 ba. Ɗaya daga cikinsu kamfanin Hawker Restorations na Ingila ya ƙara masa kujera ta biyu, ya tashi da ita a 2020. Takwaransa Spitfire ya riga shi: tun a 1951 Ireland ta sayi guda shida masu kujera biyu don koyar da tuƙi. A yau kujerar bayan ta fasinja ce mai biyan kuɗi, kuma kuɗin nan ke ɗaukar nauyin gyara.

Abin da ake kira gyara, a gaskiya sabon gini ne a kan tsohon suna. Sau da yawa abin da ya rage na asali bai wuce 'yan ƙarafa da ƙaramin farantin da ke ɗauke da lambar jirgin ba. Ana wargaza komai, a wanke, a duba kowane ƙarfe da ruwa mai launi ko hoton haske don gano tsagar da ido ba ya gani. Wanda ya ci tsatsa a ƙera sabo bisa zanen masana'anta na asali, kuma kowace ƙusa sai an rubuta inda ta fito. Gangar jikin Hurricane bututun ƙarfe ne da aka haɗa da ƙusoshi, ba walda ba, aka ɗora masa siraran katako, aka lulluɓe bayansa da yadin lilin. Ana shafa wa yadin wani ruwa mai ɗaure shi, har idan ka ƙwanƙwasa da yatsa ka ji ya yi tauri.

Kujera ta biyu kuwa tana taɓa ma'aunin jirgin. Mutum ɗaya da aka ƙara a baya yana iya rinjayar da wutsiya, don haka ake ɗora jirgin a kan sikeli, taya-taya, a lissafa inda nauyinsa ya tsaya.

Sai gwajin ƙasa. Injin Merlin da ke cikin jiragen nan silinda 12 gare shi, masu faɗin ciki lita 27 a jimlace, kuma ƙarfinsa ya haura na doki dubu. Ba a tayar da shi kai tsaye. Tukuna ana ɗumama baƙin mai a tura shi da famfo ya ratsa ko'ina, domin ƙarfe a bushe yana cin ɗan'uwansa cikin daƙiƙoƙi. A tare tayoyi, a ɗaure wutsiya da ƙasa don kada farfela ta ja hancin jirgin ya kife, mutum ya tsaya gefe da abin kashe gobara. Da injin ya kama, idon matuƙi na kan allurar matsin mai. In ba ta motsa ba cikin kamar rabin minti, a kashe.

Wanda ya taɓa gyara injin ban-ruwa a fadamar rake ta Makarfi ya san fulogi ɗaya in ya mutu, aiki ya tsaya. Shi ya sa kowace silindar Merlin take da fulogi biyu, 24 ke nan, da magineto biyu masu ba su wuta daban-daban. A gwaji ana kashe magineto ɗaya, a ga nawa gudun injin ya ragu, sannan a juya kan ɗayan. Raguwa kaɗan daidai ce. In ta yi yawa ko injin ya fara tari, akwai matsala.

Gwajin ba ya daɗewa, domin lagireto iskar tafiya yake jira, kuma a tsaye ruwan yana saurin zafi. Bayan an kashe a kwance matatar mai a duba. Ɗan ƙyalli na garin ƙarfe a ciki ya isa a sake buɗe injin. Daga nan a ɗaga jirgin da jak a gwada naɗe tayoyi, a daidaita kamfas, a gara shi a fili a gwada birki. Sai hukumar jiragen sama ta gamsu da takardu kafin matuƙin gwaji ya tashi.

Mu ma muna da irin waɗannan tsofaffi. A 1967, lokacin yaƙin basasa, aka kawo wa rundunar sojin saman Najeriya L-29 na ƙasar Chekoslobakiya da MiG-15UTI na Tarayyar Sobiyat, dukkansu masu kujera biyu, tare da MiG-17. Wasu jiragen yaƙin basasar suna gidan tarihin yaƙi na Umuahia. A ganina mayar da irinsu sama ya fi ƙarfin aljihunmu a yanzu. Amma a shigar da guda ɗaya inuwa, a miƙa shi ga ɗaliban Zariya ko na Cibiyar Fasaha ta Sojin Sama da ke Kaduna su kwance su harhaɗa, wannan bai gagara ba, kuma ya kamata hukumomi su duba.