Laburaren Gari da Rigimar Fina-finan Masu Neman Jinsi a Amurka

A shekarar 1949 wata budurwa mai suna Barbara Gittings ta shiga Jami'ar Northwestern da ke gefen birnin Chicago don karatun wasan kwaikwayo, amma ba ta kai labari ba. Maimakon zuwa aji, sai ta riƙa wuni a ɗakunan karatu tana laluben littafin da zai yi mata bayanin halin da ta tsinci kanta a ciki, domin ta lura zuciyarta ga mata 'yan'uwanta take karkata. Abin da ta samu bai taka kara ya karya ba, shi ɗin ma an jera shi ne a sashen taɓin hankali da lalacewar ɗabi'a. Ta faɗi jarrabawa, ta koma gida. A 1971 wannan mata, wadda ba ta taɓa aikin laburare ba, ita ce ta karɓi jagorancin wani ƙaramin rukuni a cikin Ƙungiyar Laburare ta Amurka, ta riƙe shi har 1986.

An kafa rukunin a 1970, shekara guda bayan tarzomar Stonewall, wadda ta ɓarke a watan Yunin 1969 lokacin da 'yan sanda suka kai samame wata mashaya ta 'yan luwaɗi da 'yan maɗigo a birnin New York. Aikin da suka sa gaba ba mai ƙara ba ne. Sun tsara jerin sunayen littattafai suna raba wa laburare-laburare, sun ƙirƙiro lambar yabo ta shekara-shekara wadda aka fara bayarwa a 1971, sun kuma matsa wa Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, wanda laburare da yawa ke bin tsarinsa na jera littattafai, har ya daina haɗa wannan batu da sashen lalacewar ɗabi'a. A Disambar 1973 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasar ta cire shi daga jerin cututtuka, Gittings na cikin waɗanda suka yi wannan fafutuka. Daga wannan tushe ne taruka da haska fina-finai a kan rayuwar masu neman jinsi suka samu gindin zama a laburaren gari.

Mai karatu ya san matsayin Musulunci da na mafi yawan majami'un ƙasarmu a kan wannan al'amari, ya kuma san dokar hana auren jinsi da aka sa wa hannu a Najeriya a Janairun 2014. Ba fatawa ce ta kawo mu ba. Abin dubawa shi ne yadda wata al'umma da kanta ya rabu gida biyu a kan batun take ja-in-ja a kan gini guda da kowa ya sa kuɗinsa a ciki.

Laburaren gari a Amurka ba na gwamnatin tarayya ba ne. Akwai hukumomin laburare kusan 9,000 a faɗin ƙasar, kuma mafi yawan kuɗin tafiyar da su daga harajin gidaje da filaye na mutanen garin yake fitowa. Kwamitin da ke kula da kowanne 'yan garin ne, a wasu wuraren ma da ƙuri'a ake zaɓensu. Katin aron littafi kyauta ne. Wanda ba shi da intanet a gida can yake zuwa cike takardar neman aiki, baƙon da ya shigo ƙasar can yake koyon Turanci, uwa ta kai ɗanta a karanta masa labari da hantsi. Saboda haka duk abin da aka liƙa a allon sanarwar laburare, mutumin gari yana ganin da yawunsa aka liƙa.

Daren fim ɗin kansa ba wani abin a zo a gani ba ne. Yana kama da majigin da ake kawowa ƙofar fada a da, sai dai wannan a cikin ɗaki ake yi: kujerun ƙarfe masu naɗewa, farin allo, wata ma'aikaciya ta tsaya ta faɗi sunan fim da shekarun waɗanda ya dace su kalla, sannan a kashe fitila. Ba a biyan ko sisi. Laburaren ne ke sayen lasisin nuna fim ga jama'a, domin mallakar faifan kaɗai ba ta ba shi wannan izini. In an gama a kunna fitila, wani malamin jami'a ko wani dattijo da ya ga zamanin da fim ɗin ke magana a kai ya zauna a gaba, a yi tambayoyi. An fi yin irin wannan a watan Yuni, watan da ake tunawa da Stonewall.

Fina-finan da aka fi haskawa na tarihi ne, kuma akwai dalili. Daga 1934 zuwa 1968 masana'antar Hollywood tana ƙarƙashin wata ƙa'idar tace fina-finai da ake kira da sunan Will Hays, wadda ta yi shekaru tana haramta nuna wannan batu a fili. Masu shirya fim suka koma ga shaguɓe da hannunka-mai-sanda: a sa mutumin ya zama abin dariya, ko mugu, ko a kashe shi kafin fim ya ƙare. Wani ɗan New York mai suna Vito Russo ya yi shekaru yana yawo gari-gari da guntayen irin waɗannan fina-finai, yana haskawa yana sharhi. Daga laccocin nan ya fitar da littafinsa The Celluloid Closet a 1981. Ciwon ƙanjamau ya kashe shi a 1990, aka mayar da littafin fim a 1995. Ana kuma yawan nuna The Times of Harvey Milk na 1984, wanda ya ci kyautar Oscar, labarin ɗan majalisar birnin San Francisco da wani tsohon abokin aikinsa ya harbe tare da magajin gari George Moscone a Nuwamban 1978. Wanda ya kalli waɗannan tarihin ƙasarsa ya kalla, ko da ra'ayinsa bai sauya ba.

San Francisco ce ta yi nisa a wannan hanya. Da aka buɗe sabon babban laburarenta a 1996, an ware cibiya guda don wannan fanni, mai ɗauke da sunan James Hormel, attajirin da ya ba da dala 500,000. Amma ko a can ba a tsira ba. A 2001 ma'aikata suka fara tsintar littattafai an yayyanka su da wuƙa an cusa ƙarƙashin kanta. Kafin a kama mai yin ɓarnar ya lalata fiye da 600, har da na bayani a kan ƙanjamau da lafiyar mata. Laburaren bai zubar da su ba, ya raba wa masu zane da sassaƙa, suka sarrafa su, aka baje kolinsu a 2004.

Zalunci ne a ɗauka duk mai adawa irin mai wuƙar nan ne. Da yawansu iyaye ne da masu zuwa majami'a da ke cewa: harajinmu ne, 'ya'yanmu ne, don me za a kawo musu abin da ba mu yarda da shi ba? Dokar Amurka ta raba amsar gida biyu. Akwai taron da laburare ya shirya da kansa, wannan kwamitin gari na iya sa masa baki. Akwai kuma ɗakin taro da ake ba ƙungiyoyi aro, shi kuwa in an buɗe wa wani ba a hana wani saboda ra'ayinsa. Abin lura, masu ra'ayin riƙau na cikin waɗanda suka fara cin moriyar wannan ƙa'ida. A 1989 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ba wata ƙungiyar mata Kiristoci gaskiya bayan laburaren garin Oxford da ke jihar Mississippi ya hana su ɗakin taro don za su yi addu'a a ciki. Ƙofar da aka buɗe wa matan nan, ita ce mai haska fim ɗin Harvey Milk ke bi ya shiga.

Inda aka fi ji a jika shi ne sashen yara. A 1998, a garin Wichita Falls na jihar Texas, wani fasto mai suna Robert Jeffress ya riƙe littattafan yara guda biyu da ke ba da labarin iyali masu uwa biyu ko uba biyu, ya ƙi mayarwa, ya biya laburare kuɗinsu. Majalisar garin ta yi doka cewa in mutum 300 masu katin laburare suka sa hannu, za a ɗauke littafi daga sashen yara zuwa na manya. A 2000 alƙalin tarayya Jerry Buchmeyer ya soke dokar. A gundumar Hillsborough ta jihar Florida kuwa, kan wasu littattafai da aka jera a wani laburare a watan Yunin 2005, majalisar gunduma ta haramta wa duk ma'aikatunta shiga bikin watan, haramcin ya tsaya har 2013.

Tsugune ba ta ƙare ba, ta ma ƙara zafi. Ƙungiyar Laburare ta Amurka ta ƙirga littattafai daban-daban 4,240 da aka nemi a cire ko a taƙaita a 2023, daga 2,571 a shekarar da ta gabace ta, kuma kashi 47 cikin ɗari sun shafi masu neman jinsi ne ko baƙaƙen fata da sauran tsiraru. Jihohi suka ja daga. Illinois ta yi dokar da ta fara aiki a Janairun 2024, wadda ke hana tallafin jiha ga laburaren da ya cire littafi don ƙin ra'ayin da ke ciki. A Mayun 2025 kuma kotun ɗaukaka ƙara mai kula da Texas da Louisiana da Mississippi ta yanke, a shari'ar gundumar Llano, cewa mai karatu ba zai iya tilasta wa laburare ya ajiye wani littafi ba.

A ganina akwai bambanci tsakanin fim da ake haska wa manya da dare, wanda sai ka ɗauki ƙafarka ka je, da littafin da ɗan shekara biyar zai iya miƙa hannu ya ɗauka. Uba yana da haƙƙi a kan abin da ɗansa zai gani, kuma ma'aikacin laburaren da ya yi wa wannan haƙƙi kallon raini shi ke hura wutar. Sai dai haƙƙin nan a kan ɗansa yake, ba a kan baligin maƙwabcinsa ba. Mu ma mun taɓa ganin makamancin wannan gardama a kan wani batu daban: a 2007 an ƙona littattafan soyayya na Hausa a bainar jama'a a Kano da sunan gyaran tarbiyya, ga su nan yau a wayar kowace yarinya, inda babu malami ko uwa da ke leƙawa.

Babu inda abin ya fi ban takaici kamar Jamestown, wani ƙaramin gari na manoma a jihar Michigan. Laburarensu mai suna Patmos yana da kayan karatu wajen 67,000, kimanin 90 daga ciki ne suka shafi wannan batu. Aka fara da ƙorafi a kan littafi guda, Gender Queer, ma'aikata suka ɗauke shi daga kanta suka ajiye a bayan teburinsu, sai wanda ya tambaya. Hakan bai gamsar ba. Shugabar laburaren ta ajiye aiki saboda tsangwama. A Agustan 2022 mutanen garin suka kaɗa ƙuri'ar ƙin sabunta harajin da ke samar da kashi 84 cikin ɗari na kuɗin laburaren, suka maimaita a Nuwamba. Wannan kuskure ne babba, domin wanda hukuncin zai fara faɗa wa shi ne yaron da gidansu babu kwamfuta da tsohuwar da ke zuwa aron littafi mai manyan baƙaƙe, ba marubucin da ake fushi da shi ba. Gudunmawar jama'a ce ta riƙe ƙofar a buɗe, ciki har da dala 50,000 daga marubuciya Nora Roberts. Daga baya kwamitin laburaren ya amince a riƙa liƙa taƙaitaccen bayani a cikin bangon littattafai don iyaye su san abin da ke ciki kafin a ara. A Nuwamban 2023 aka sake ƙuri'a karo na uku, harajin ya wuce.