Ƙuri'ar Mutanen Birnin Zazzau, Jiya da Yau

Bayan haka, ya ku malamai da attajirai, ku sani ran 12 ga Disamba 1959 aka yi zaɓen Majalisar Wakilai ta Ikko. Cikin ganuwar Zazzau, tun daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan, jama'a sun kasu biyu. Masu sarauta da barorinsu suka bi fartanya, alamar NPC. Waɗansu talakawa kuwa suka bi tauraron NEPU, jam'iyyar Malam Aminu Kano. A ƙasa duka NPC ta ci kujera 134, NEPU 8.

Amma rabin birni bai fita ba, domin doka ta hana matan Arewa jefa ƙuri'a. Hajiya Gambo Sawaba ta Sabon Gari ta sha ɗauri tana neman musu wannan haƙƙi. Sai 1979 suka shiga babban zaɓe, shekarar da Balarabe Musa na PRP ya ci gwamnan Kaduna.

To, a zaɓen shugaban ƙasa na 2023, cikin kowaɗanne goma masu rajista a Nijeriya, waɗanda suka fita ba su cika uku ba. Abin da aka shiga kurkuku dominsa, bai kamata a bar shi a aljihu ba. Wassalam.