Man gyaɗa: daga turmin Yelu zuwa ɗakin gwaji

Duk wadda ta taɓa yin ƙuli-ƙuli a Yelu ta san aikin: a soya gyaɗa, a murje, a sheƙe, a kai niƙa, sannan a riƙa yayyafa ruwan zafi ana tuƙawa har mai ya tsattsafo ya bar tunkuza. Wannan aiki da iyayenmu mata ke yi da hannu, shi ne masana ke yi a ɗakin gwaji, sai dai su da ma'auni.

Kusan rabin nauyin ƙwayar gyaɗa mai ne. Don a tabbatar, sai a busar da gyaɗar, a niƙa, a auna, a zuba cikin wata na'urar gilashi da Soxhlet ya ƙera a 1879 don auna kitsen madara. Wani ruwan sinadari mai suna hekzan ke ta zagayawa cikin garin na awoyi, yana kwashe mai har ɗigon ƙarshe. In aka ɗumama, hekzan ya tashi, mai ya zauna, a sake aunawa. Hannu ba ya iya wannan tatsa; shi ya sa ƙuli-ƙulinmu ke da maiƙo, kuma mu dai ba mu ƙi ba.

Idan nama ne, ko hanta, ko ƙwaƙwalwa, hanyar Folch ta 1957 ake bi: kulorofom kashi 2, metanol kashi 1, a ƙara ruwan gishiri, abin ya rabu hawa biyu. Abin mamaki, a nan kitse ƙasa yake kwanciya, don kulorofom ya fi ruwa nauyi. Mai dafa man kaɗanya kuwa sama take yaɗe nata.

To, mene ne ruwan ƴar kasuwa? Bayan an raba man, wata na'ura kan ware irin kitsen da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Man gyaɗa da nasa tsarin, na auduga da nasa, na ja da aka tace da nasa. Jarkar da ta shigo ta Malanbil ko Kamba da sunan man gyaɗa zalla, in an yi mata algus, a nan asiri ke tonuwa.

Amma abin da ya fi damunmu gyaɗa mai fumfuna ce. Gaya na cikin yankunan da suka fi samun ruwan sama a Nijar, gyaɗar da ba ta bushe sarai ba kuwa tana kama guba mai suna afalatokzin, mai lalata hanta. An gano ta bayan da talo-talo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila a 1960, sun ci dusar gyaɗa daga Barazil. Suya ba ta kashe ta, kuma mafi yawanta cikin tunkuza take tsayawa, wato ƙuli-ƙulin da yaranmu ke saye da ƴan canjinsu. Hajiya, kafin ki kai tiya guda wurin niƙa, baza ta a faifai ki tsince masu baƙi, da masu ɗaci, da waɗanda suka yamutse. Kada a watsa wa kaji su ma.