Gobara a Gombe: Abubuwan da ya kamata ka sani

A wani dare na watan Disambar 2025, wuta ta kama Kasuwar Katako da ke kusa da tashar jirgin ƙasa a Gombe, gari ya waye shaguna da dama sun zama toka. Aka yi jaje, aka ce Allah Ya mayar da alheri. Addu'a ce mai kyau, amma akwai tambayar da ba ta kamata a binne ta tare da tokar ba: me ke sa ɗan tartsatsi ya cinye dukiyar shekara ashirin kafin ruwa ya iso?

Garin ya riga hanyoyinsa girma

A 1919 aka dawo da hedikwatar masarauta daga Nafada zuwa Gombe Doma, wato Gomben yau. Ranar 1 ga Oktoba, 1996 kuma ta zama babban birnin jiha, bayan an cire jihar daga Bauchi. Tun daga nan jama'a ke kwararowa, rikicin Boko Haram ya ƙaro wasu daga Borno da Yobe. Tsofaffin unguwanni irin su Jekadafari da Bolari da Herwagana suka cika maƙil, sababbi suka bazu har Tumfure. Lungunan da aka yanka don mai tafiya a ƙasa ba su ƙara faɗi ba, ga kwazazzabai da suka tsattsaga garin. A kasuwa abin ya fi muni: layin da aka bari don mota, yau tebur ne da rumfa da kwantena.

Abin da ya faru da maƙwabta

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Kasuwar Terminus ta Jos ta ƙone a Fabrairun 2002, aka shafe sama da shekara ashirin ba ta dawo ba. Ranar 26 ga Maris, 2016 gobara ta lashe shaguna kusan 3,800 a Kasuwar Sabon Gari ta Kano. A 2021 babbar kasuwar Sakkwato ta kama a Janairu, ta Katsina a Maris. Monday Market ta Maiduguri ta bi sahu ranar 26 ga Fabrairu, 2023.

Ka duba watannin. Duka tsakanin Janairu ne da Maris, lokacin da hunturu ya busar da komai, iska kuma tana ɗaukar wuta daga wannan rufi zuwa wancan. Ta Jos da ta Sabon Gari da ta Maiduguri cikin dare suka tashi, ba kowa sai masu gadi.

Daga ina wutar ke tashi?

A kasuwanninmu, lantarki ne babban abin zargi. An ɗauke wuta da la'asar, mai shago ya kulle ya tafi gida, fanka da firji da cajar waya duk a kunne. Tsakar dare a dawo da wuta da ƙarfi. Siririyar wayar da aka jona daga shagon maƙwabci, aka naɗe mahaɗinta da leda, ta yi zafi ta narke. A kasuwar katako, abin da ke ƙarƙashinta busasshen katako ne da garinsa da fenti. A wani shagon kuma katifa ce, ko galan ɗin man janareta da aka tura bayan ƙofa.

A gidaje, sanyi ne ke jawo ta: kaskon garwashi da aka kwana da shi a ɗaki, hitar ruwa da aka manta a bokitin roba, tukunyar gas mai yoyo. Asarar nan ta rai ce. A Fabrairun 2025 almajirai 17 suka rasu a gobarar dare a Ƙaura Namoda.

'Yan kwana-kwana da matsalar ruwa

Aikin kashe gobara a Najeriya ya fara ne a Legas a 1901, a ƙarƙashin 'yan sanda, sai a 1963 doka ta kafa hukumar tarayya. Jihohi na da nasu hukumomin, Gombe ma haka.

An saba jin ana cewa 'yan kwana-kwana "sun zo ba ruwa", wani lokaci har a jefe su. Ni ina ganin ana ɗora musu laifin da ya fi ƙarfinsu. Tankin mota lita dubu kaɗan yake ɗauka, cikin 'yan mintoci ya ƙare. A biranen da aka tsara, akwai bakin famfo na musamman a gefen titi da motar ke jona tiyo. Gombe kuwa daga madatsar Dadin Kowa ake turo mata ruwa, unguwanni da yawa da 'yan ga-ruwa da tanka suka dogara. Motar da ta juye ruwanta dole ta koma ɗebowa, ta sake kutsawa cikin 'yan kallo, wuta kuma ba ta jira. Kasuwar da ke tara kuɗin haraji kullum, bai kamata a ce ta rasa rijiyar burtsatse da babban tanki na wannan rana ba.

Mintunan farko

Kira 112 ko lambar ofishin kwana-kwana tun wutar tana ƙarama. Mutane da yawa sai sun gaji da guga suke tunawa. In ta lantarki ce, a kashe layin kafin a zuba ruwa. In ta fetur ce ko man girki, ruwa yaɗa ta yake yi, yashi ake zubawa ko a rufe tukunyar. Hayaƙi ya fi harshen wuta kisa, don haka a sunkuya a fita, kada a koma ɗauko kaya. Shugabannin kasuwa kuma su sa makashin wutar lantarki guda ɗaya a kowane layi, su danƙa wa mai gadi alhakin kashe shi da zarar an tashi, tare da tukunyar kashe gobara da aka koya masa yadda ake buɗe ta.