Abin da ya sa rumbun bayanai ke mayar da LEFT JOIN ya koma INNER JOIN

Akwai aikin da MySQL da PostgreSQL da SQLite suke yi a ɓoye kafin su amsa tambayar SQL: sukan sake rubuta ta yadda za ta fi sauri. Ɗaya daga cikin irin wannan gyara shi ne sauƙaƙa LEFT JOIN. Mai haɗa manhaja da ya fahimci dalilinsa zai ƙara wa manhajarsa sauri, zai kuma tsira daga kuskuren da ke ɓatar da sunayen mutane a cikin rahoto.

A ɗauki manhajar shago mai tebura biyu, na kwastomomi da na oda. INNER JOIN yana kawo kwastoman da ya taɓa yin oda ne kaɗai. LEFT JOIN kuwa yana kawo kowa, wanda bai taɓa sayen komai ba sai a cike masa guraben oda da NULL, wato babu bayani.

Shi kuma NULL yana da halinsa. A SQL amsar sharaɗi uku ce: gaskiya, ƙarya, ko ba a sani ba. Duk abin da aka gwada da NULL ta alamar > ko = amsarsa "ba a sani ba" ce, shi kuma WHERE layin da amsarsa ta zama gaskiya kawai yake bari ya wuce. Ga misali:

SELECT * FROM kwastoma
LEFT JOIN oda ON oda.kwastoma_id = kwastoma.id
WHERE oda.kudi > 50000;

LEFT JOIN zai samar da layi ga kwastoman da ba shi da oda, amma kuɗinsa NULL ne, don haka WHERE zai watsar da shi nan take. Sakamakon ya zama daidai da na INNER JOIN. Da zarar ɓangaren da ke tsara hanyar tambaya ya gane sharaɗin yana korar NULL, sai ya sauya haɗin da kansa.

Ribar ita ce 'yancin zaɓen inda za a fara. A MySQL, LEFT JOIN kan tilasta a karanta teburin hagu kafin na dama. A ce shagon yana da kwastomomi miliyan ɗaya, odar da ta haura 50000 kuwa ba ta wuce ɗari biyu ba. In aka fara daga hagu, sai an bi miliyan ɗin ɗaya bayan ɗaya. Bayan sauyin, injin na iya fara ɗauko odar ɗari biyun ta fihirisar kuɗi, sannan ya nemo masu su. Sau da yawa ma sauya haɗi ɗaya yakan buɗe ƙofar sauya wani da ke jingine da shi.

Dabarar ta daɗe. César Galindo-Legaria da Arnon Rosenthal sun yi cikakken bayaninta a wata maƙala ta 1997. PostgreSQL yana duba ko aikin da ke cikin sharaɗin irin wanda ke mayar da NULL ne duk lokacin da aka ba shi NULL. SQLite ya ƙara wannan gyara a sigar 3.23.0 ta shekarar 2018. MySQL kuma tun a matakin farko yake juya RIGHT JOIN ya koma LEFT JOIN, don ya zama nau'i ɗaya kawai zai duba.

Sai dai ba kowane sharaɗi ke korar NULL ba. "oda.id IS NULL" neman waɗanda ba su yi oda ba yake yi, don haka haɗin zai zauna yadda yake. Haka ma sharaɗin da aka haɗa da OR, idan ɓangare ɗaya yana magana kan teburin kwastoma kaɗai. COALESCE(oda.kudi, 0) < 5000 shi ma yana hana sauyin, domin ya mayar da NULL sifili, sifili kuma ya cika sharaɗin.

Inda ake samun asara shi ne lokacin da mai shago ya nemi jerin duk kwastomominsa tare da odar wannan wata, mai rubuta tambayar kuma ya sa sharaɗin wata a cikin WHERE. Waɗanda ba su sayi komai ba, waɗanda su ne ya fi bukatar ya kira, sai su ɓace daga rahoton ba tare da wani saƙon kuskure ba. Maganin shi ne a mayar da sharaɗin cikin ON, inda zai tace oda kawai, ya bar kwastomomi cikakku.

Don tabbatarwa, a sa EXPLAIN a gaban tambayar. A MySQL, in aka biyo shi da SHOW WARNINGS za a ga yadda aka sake rubuta ta. Idan LEFT JOIN ya koma JOIN kuma haka ake so, gara a rubuta INNER JOIN tun farko don mai karanta lambar ya gane. Idan kuwa ba haka ake so ba, to a duba WHERE kafin rahoton ya isa hannun mai shago.