Afuwar Neja Delta da Haƙƙin da Ba a Mayar Ba

A ranar 25 ga Yuni, 2009, sa'ad da fitinar Neja Delta ta yi tsanani, ana fasa bututun mai, ana kame ma'aikatan kamfanoni don neman fansa, har baitulmalin Nijeriya ya fara jin jiki, marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya shelanta afuwa ga duk ɗan bindigar da ya miƙa makaminsa daga 6 ga Agusta zuwa 4 ga Oktoba. Madugai irin su Tompolo da Ateke Tom suka fito daga surƙuƙin koramu, aka jibge bindigogi a bainar jama'a, aka kai samari sansanin Obubra don gyaran tarbiyya, aka yanka wa kowannensu Naira 65,000 a wata, har adadinsu ya kai kimanin 30,000.

Babu mai musun cewa an kashe wutar a lokacin, kuma jinin bayin Allah da aka tsare ba ƙaramar maslaha ba ce. Sai dai malaman fiƙihu sun sharɗanta mayar da haƙƙi ga mai shi kafin tuba ta inganta, kuma a nan ne al'amarin ya yi rauni. Domin kuɗin ya daɗe yana bi ta hannun madugai, ana ta ƙorafin sunayen bogi da zaftare rabon yara, wasu manyansu kuma suka samu kwangilar gadin bututun da a da suke barazanar fasawa, alhali masuncin da bai taɓa riƙe bindiga ba, wanda yake jawo komarsa ya tarar da ita baƙi ƙirin da ɗanyen mai, ba a tuna da shi ba. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya gano cewa mutanen Ogale a ƙasar Ogoni suna shan ruwan rijiya mai gubar benzin ninki 900 sama da ƙa'ida, ya kuma ƙiyasta shekara 25 zuwa 30 kafin ƙasar ta tsarkaka.

Hukumar NDDC kuwa, wadda aka kafa a 2000 aka ɗora mata amanar raya yankin, binciken da aka miƙa wa gwamnati a 2021 ya ƙirga ayyukanta fiye da 13,000 da aka yi watsi da su ko aka ha'inta. Tun kafin wannan, a 2016, wata sabuwar ƙungiya mai suna Niger Delta Avengers ta riga ta koma fasa bututu.